Gyararrun Matakan Ɗora Raspberry Pi OS

Mutane sun ishe ni da tambaya wai tsoffin matakan ɗora Raspberry Pi OS, wato manhajar da ke tafiyar da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, basa aiki, gaskiyarku ne, tun 2022 aka cire tsohon sunan shiga, wato pi, da fasuwod ɗinsa raspberry, dole kowa ya ƙirƙiri nasa. Ga sabon tsarin:

1. Sauke Raspberry Pi Imager, manhajar da ke ɗora OS ɗin a memori, a kwamfutarka.
2. Saka memori microSD a kwamfutar, 32GB ya wadatar.
3. Buɗe Imager ka zaɓi irin Pi ɗinka, 4 ne ko 5.
4. Zaɓi Raspberry Pi OS.
5. Zaɓi memorin. Hattara fa, nan mutane ke kuka, komai na ciki gogewa zai yi, in da filasha a jikin kwamfutar cire ta tukunna kar ka share hotunan biki.
6. Rubuta sunanka da fasuwod da bayanin Wi-Fi.
7. Kunna SSH, wato hanyar sarrafa Pi daga wata kwamfutar, in baka da allon da zaka jona masa.
8. Danna Write, jira har ya gama tantancewa, kar ka zare.
9. Mayar da memorin cikin Pi.
10. Jona wuta. Pi 4 cajar USB-C mai 3A yake so, cajar waya ta banza zata riƙa kashe shi.