Yadda ake mallakar bindigar soja ta da a Amurka ba tare da ka taka doka ba

Tambayar da mutane suka fi yi idan sun ga hoton wani Ba'amurke rungume da AK ko M16 a falonsa ita ce, wai dama haka kawai ake shiga shago a saya kamar takalmi? To ba haka abin yake ba, kuma wadda ka gani a hannunsa ma kusan ko da yaushe ba ita ce ta sojan ba, kama ce kawai, kuma kama da wane ba ta wane. Ta soja in ka danne kunama za ta yi ta zuba har sai gidan harsashi ya ƙare, ta farar hula kuwa ita ma tana ɗana kanta amma duk ja ɗaya harsashi ɗaya ne, ita ake cewa semi. A kan wannan bambancin duk dokar ta tsaya.

Tun 1934 dokar tarayya ta sa mashinga, wato mai zubar nan, cikin kayan da sai an yi musu rajista da harajin dala 200, sai a 1986 aka rufe ƙofar gaba ɗaya, duk mashingar da ba a yi wa rajista kafin 19 ga Mayu na shekarar ba farar hula ba zai iya mallakarta ba. Shi ya sa kamfanoni suke ƙera 'yan uwansu na semi. M14 ta koma M1A ta Springfield Armory, M16 ga AR-15 da Colt ya fara sayar wa jama'a tun shekarun 1960, G3 ta Jamus ga HK91 da PTR 91, AK kuma akwai WASR-10 da ake shigowa da ita daga Romaniya. Wasu kuwa dama can a semi aka haife su, kamar SKS da M1 Garand.

Kar ka fara da neman bindiga, fara da kanka tukuna. Ɗan ƙasa ne kai ko kana da girin kad, wato katin zama na dindindin? To kana iya saye. In kuma bizar karatu ko ta ziyara gare ka, asali haramun ne a kanka sai in ka faɗa cikin 'yan togaciyar da doka ta yi, wadda aka fi sani ita ce riƙe lasisin farauta mai rai daga wata jiha, kuma a nan gaskiya ni shawarata ka ga lauya kafin ka taɓa komai domin kuskure ɗaya na iya cinye maka bizar dungurungum. Shekara 18 ce mafi ƙaranci ga sayen doguwar bindiga a wurin dila a dokar tarayya, amma jihohi irin su Fulorida da Kalifoniya sun ɗaga zuwa 21. Wanda kotu ta taɓa kamawa da babban laifi, ko da laifin dukan iyali, ko mai shan ƙwaya, duk babu su a ciki. Wiwi ma haka, ko da jiharka ta halatta, tarayya ba ta halatta ba, kuma tambayar tana nan ɓaro-ɓaro a fom.

Na biyu, jiha. Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe, saboda abin da yake halal a Teksas zai iya kai ka gidan yari a Niyok. An taɓa yin dokar tarayya da ta hana wasu nau'in waɗannan bindigogi daga 1994 zuwa 2004, wa'adinta ya cika ba a sabunta ba, sai jihohi kowa ta yi tata. Kalifoniya, Niyok, Niyu Jazi, Konetikat, Meriland da Masachusets suna da tsauri, Ilinoi da jihar Washintan suka bi sahu a 2023. Wasu da suna suke hana bindiga, wasu kuma da siffa, wato marikin hannu irin na fistol, gindi mai naɗewa, da gidan harsashi mai cin fiye da harsashi 10. A Ilinoi sai kana da katin FOID, wato shaidar izinin mallakar bindiga, kafin ka riƙe ko harsashi, a Kalifoniya kuma za ka jira kwana 10 bayan ka biya. Shiga shafin gwamnatin jiharka da kanka ka karanta, kar ka dogara da wani mai surutu a YouTube.

In waɗannan biyun sun yi daidai, sayen kansa ba wani abin wahala ba ne. Za ka je wurin dila mai lasisin tarayya, FFL suke ce musu, ka miƙa katin shaida mai hoto da adireshinka na yanzu, ya ba ka fom 4473 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ka cike da hannunka, shi kuma ya tura sunanka tsarin bincike na NICS da FBI ke gudanarwa tun 1998. Amsa uku ce, a ci gaba, a dakata, ko an ƙi. Yawanci kafin ka gama kallon kayan da ke rataye a bango amsa ta dawo. In aka ce a dakata kar hankalinka ya tashi, sau da yawa sunanka ne ya yi kama da na wani, shi ya sa yana da kyau ka rubuta lambar soshal sikiyoriti, lambar shaidarka ta gwamnati, duk da ba dole ba ne. Wanda bai kai 21 ba tun 2022 bincikensa na iya ɗaukar har kwanakin aiki 10. Ko a intanet ka saya ba za a aiko maka gida ba, wurin dila za ta sauka ka je ka cike fom ɗin nan dai.

Akwai tambaya a fom ɗin, shin kai ne ainihin mai sayen? Kar ka kuskura ka saya wa wani da ba zai iya saye da kansa ba, ko ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗaurin wannan yana kaiwa shekara 15.

Ni dai a ganina in tarihi ne ya ja ka, ka bar su AK ka nemi M1 Garand, domin ita ba kwaikwayo ba ce, ainihin wadda sojan Amurka ya riƙe ce a yaƙin duniya na biyu da na Koriya. An ɗauke ta aiki a 1936, an ƙera sama da miliyan 5, harsashi 8 take ci a cikin wani ɗan maƙalin ƙarfe da ake turawa ta sama, in na ƙarshe ya fita sai maƙalin ya yi tsalle waje ka ji ƙiling. Sabon hannu kuma ya kula da babban yatsansa wajen lodi, in ka yi sanya ƙarfen zai rufe a kansa, farce ya yi baƙi sati da sati. Hukumar CMP ta horar da farar hula harbi, mai ofisoshi a Anniston ta Alabama da Port Clinton ta Ohayo, ita ke sayar da rarar na gwamnati, amma sai ɗan ƙasa, girin kad ba ya aiki a nan, sannan sai ka zama mamba a wani kulob da ke da alaƙa da su ka kuma nuna shaidar ka taɓa koyon harbi. Mai son tara irinsu da yawa zai iya neman lasisin kayan tarihi na C&R, dala 30 ne na shekara uku, yana shafar bindigogin da suka haura shekara 50, da shi za a iya aiko maka kai tsaye in jiharka ta yarda, amma dole ka riƙe littafin shige da fice, kuma ba lasisin kasuwanci ba ne.

Bayan ta shigo hannunka, ka bar ta yadda ka same ta. Bututun doguwar bindiga irin wannan kar ya gaza inci 16, tsawonta duka kar ya gaza inci 26, in ba haka ba ta shiga rukunin masu rajista ta musamman. Na waje kuma bayan hanin shigo da kaya na 1989 akwai ƙa'idar 922(r) da ta ce kar sassan ƙetare su wuce 10 daga jerin 20, to canza gindi ko gidan harsashi kawai na iya ɓata maka lissafi. Maganar mayar da semi ta koma mai zuba kuwa ko a wasa kar ka yi ta, shekara 10 ne da tara mai kaiwa dala 250,000, kuma a wurin ATF gangar jikin da ta taɓa zama mashinga har abada mashinga ce ko an toshe ta.

Duk wannan fa Amurka ce. Birtaniya ta hana manyan semi a 1988 bayan harbin kisan gilla a garin Hungerford, sai 'yar ƙaramar .22 aka bari, Ostireliya ta yi nata a 1996, Niyuzilan a 2019 bayan harin masallatan Christchurch, Kanada kuma a Mayun 2020 ta haramta kusan nau'i 1,500 har da AR-15 da M14. Saboda haka kar ka jefa ta a but ɗin mota ka nufi iyakar Kanada, kuma fitar da ita ƙasar waje ko da guntun sashe ne a akwati yana da tasa dokar ta fitarwa.

Sai ajiya. Sayi sef na ƙarfe tun kafin bindigar ta iso, a ajiye ta ba lodi, harsashi a wani wuri daban, musamman in akwai yara a gida. Tsohuwar bindiga kuma a kai wa makerin bindiga ya duba ta kafin harbin farko. In Garand ce ka nemi harsashin .30-06 da aka rubuta an yi shi dominta, saboda wasu na farauta na zamani ƙarfinsu na iya lanƙwasa sandar da ke ɗana ta, tsofaffin harsasan soja na SKS da AK kuma da yawansu suna barin gishiri a bututu, in ka harba ka wanke a ranar, in ba haka ba tsatsa za ka tarar da safe.