Yadda za ka ga sassan ƙwayar halitta da idonka: albasa, kumatu da gansakuka

Ɗaliban aji ɗaya na babbar sakandare da yawa a Agege da Idi-Araba sun haddace sunayen sassan ƙwayar halitta, amma a ɗora su a gaban madubin ƙara girma, wato maikiroskob, sai su rasa wanne ne bango wanne ne tantani. Maganin wannan bai wuce rabin albasa ba. Robert Huk ma da ya fara ganin waɗannan ƙananan ɗakuna a Ingila a 1665, ɓawon itace ya yanka siriri ya leƙa.

Ka tanadi albasa ɗaya, ja ta fi, irin wadda ake saukewa a kasuwar Mile 12 daga Aliero da Sakkwato. Sai gilashin silaid da ɗan murfinsa, reza, tsinken sakace, ruwan aidin, shuɗin rinin da ake kira metilin bulu, gishiri da takardar tsane ruwa.

Fara da albasa. Ka raba ta huɗu, ka ɓalle ɓawo guda mai nama, ka lanƙwasa shi har ya karye. Za ka ga wata fata mai shara-shara kamar leda a cikin kwarminsa. Ita muke nema, domin kaurinta layi ɗaya ne na ƙwayoyi, haske yana ratsa ta. Yanki kamar rabin santimita ya isa. Ka shimfiɗa shi a kan ɗigon ruwa ɗaya a tsakiyar gilashi, ka miƙe shi da tsinke kada ya naɗe, ka ɗiga aidin sau ɗaya. Wajen sa murfi ne aka fi yin ɓarna: kada ka sake shi daga sama. Ka kafa gefensa ɗaya a bakin ruwan, ka karkata shi, ka sauke a hankali da tsinke. In ka ga wasu zobba masu baƙin gefe da farin tsakiya, kumfar iska ce ta maƙale, ba ƙwaya ba ce, kuma mun sha ganin ɗalibi ya zana ta tsaf har da lakabi.

Kullum da ƙaramin idon na'ura, wato gilashin da ke ƙara girma, ake farawa. Na wajen leƙawa yana ninka girma sau 10, na ƙasa kuma akwai mai 4, mai 10 da mai 40, saboda haka za ka sami ninki 40, 100 ko 400. Idan ka koma mai 40, ƙaramin maƙullin saiti kaɗai za ka taɓa, in ba haka ba ido ya daki gilashi ya fasa. In babu wuta kuma na'urar mai madubi ce, ka tari hasken taga, amma kada ka kuskura ka saita shi da ƙwayar rana, yana ƙona ido.

Abin da zai bayyana kamar ginin bulo ne, jeri bayan jeri. Layin nan mai kauri da ya kewaye kowane bulo shi ne bangon ƙwaya, an gina shi da selulos, shi ke ba tsiro tsayuwa. Ɗigon da aidin ya rina ya fi duhu shi ne nukiliyas, ma'ajiyar kayan gado, mai ba da umarnin duk abin da ƙwaya ke yi. Lura da cewa sau da yawa yana can gefe. Dalili kuwa, tsakiyar ɗakin wata babbar jakar ruwa ce ta cinye ta, bakuwal, ta ture nukiliyas da sitofilazim, wato ruwa mai kauri da sauran sassa ke ciki, zuwa jikin bango.

Tantanin ƙwaya fa? Yana nan manne da bango ta ciki, siririn da ba ka iya rarrabe shi. Ga dabarar fito da shi. Ka ɓare jar fatar bayan albasa, ka shirya ta da ruwa zalla ba aidin. Ka narka ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a cikin manyan cokula huɗu na ruwa, ka ɗiga a gefen murfi, ka sa takarda a ɗaya gefen ta jawo shi ciki. Cikin 'yan mintoci jan launin zai tsuke ya bar bango, domin ruwa ya fice daga bakuwal zuwa wajen gishiri. Gefen abin da ya tsuke, shi ne tantani. Bango kuwa yana nan bai motsa ba, don shi ba ya tace komai, tantani ne mai zaɓen abin da zai shiga da wanda zai fita. Abin da ke sa yankakkiyar albasa ta yi laushi ta zubar da ruwa in an barbaɗa mata gishiri ke nan.

Yanzu ƙwayar dabba, kuma a bakinka take. Kurkure baki, ka goga gefen tsinke mai tsabta a cikin kumatu a hankali, ba sai jini ya fito ba. Ka shafa a gilashi, ɗigon metilin bulu ɗaya, murfi. Kowa da tsinkensa, a jefar bayan an gama. Ka rage haske, don waɗannan ƙwayoyi kusan garau suke, haske mai yawa yana ɓatar da su. Za ka ga su a warwatse, ba su da tsayayyar siffa, wasu a naɗe, nukiliyas shuɗi a kusan tsakiya. Babu bango, babu babbar jakar ruwa, tantani kawai.

Saura kulorofilas, koren ɗigon da ke haɗa abinci da hasken rana. Kada ka neme shi a albasa, kan albasa a ƙasa yake girma, ba ya ganin rana, saboda haka ba shi da shi. Wanda ya zana kulorofilas a fatar albasa ya zana littafi ne, ba abin da ya gani ba. Da damina katangun Legas masu laima cike suke da gansakuka. Tsinko ɗan ganye ɗaya, sa shi a ruwa ba rini, a ninki 400 za ka ga koren ɗigo birjik a kowace ƙwaya.

Akwai sassan da madubin makaranta ba zai nuna maka ba, amma ana tambayarsu. Mitokondiriya ce ke fitar da kuzari daga suga, kuma tsiro ma yana da ita, ba dabba kaɗai ba, nan ɗalibai ke yawan zamewa. Raibosom ke ƙera furotin, jikin Golgi kuma ya shirya shi ya tura inda ake bukata.

Wajen zane, masu duba jarrabawar WAEC suna son fensir mai tsini, layi ɗaya ba maimaitawa, ba inuwa. Ƙwaya uku ko huɗu manya sun fi ɗari ƙanana. Layin lakabi da rula, ba kan kibiya, kada su gitta juna, kuma ya taɓa ainihin abin da ka ambata. Ka sa take da yawan ninki, sunayen kuma da rubutun Turanci daidai, don harafi ɗaya yana cin maki.

In an gama, a goge idon na'ura da takardar goge tabarau, ba da bakin riga ba, a mayar da ita akwati tare da ƙullin nan na tsotse laima. Danshin Legas yana sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashin, kuma in ta yi jijiya har ta ci fuskarsa, gogewa ba ta fitar da ita.