Yadda Za Ka Kare Kanka Daga Damfarar Muryar Bogi Da Satar Fuska

Jin muryar mutum a waya ya daina zama shaidar cewa shi ne. Da guntun saƙon murya da aka tura a zauren WhatsApp, manhajar ƙirƙirarriyar basira tana iya kwaikwayon muryar ɗanka, ta sa shi kuka yana roƙon kuɗin asibiti. A farkon 2024, wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga shugabanninsa a ciki, alhali fuskokin da muryoyin duk na bogi ne.

Matakin farko a gida yake. Ku zauna baki da baki ku tsayar da kalma ɗaya ta sirri, wadda ba sunan kowa ba ce, kuma kada a taɓa rubuta ta a waya. Duk wanda ya kira cikin gaggawa yana neman kuɗi, sai ya faɗe ta.

Na biyu, kashe kiran, ka kira mutumin da kanka a lambar da ka daɗe da ajiyewa. Idan ba ta shiga, nemi wanda yake kusa da shi. Ɗan damfara zai ce "kada ka faɗa wa kowa" ko "yanzu-yanzu", don ya hana ka wannan minti biyun. Kada ka dogara da kunnenka, domin tashin hankali yana toshe basira. A kiran bidiyo, ce masa ya juya gefe ko ya gitta hannu a fuskarsa. Wani lokaci hoton yakan hargitse, amma manhajojin suna ƙara ƙwarewa, don haka wannan gwajin bai wadatar ba.

Na uku, wato kare bayanan fuskarka da yatsanka, ya fi nauyi, saboda ana canza lambar sirri, amma ba a canza fuska ko zanen yatsa. Idan wani ya zo unguwa da sunan rajistar tallafi, ya karɓi NIN da BVN ɗinka, sannan ya ɗora maka waya ya ce ka ƙifta ido ka juya kai, ka ƙi. Da irin wannan tantancewar ake buɗe asusu a manhajojin kuɗi. Kuɗin sata za su bi ta asusun da ke ɗauke da sunanka, kuma ƙofarka jami'ai za su fara ƙwanƙwasawa. A shagon kwafi ma, karɓe duk takardun NIN ɗinka, har da wadda ta lalace.

Sai ka sa wa layinka lambar PIN. Wanda ya tsinci layin da ka yi rajistar banki da shi yana iya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka. Tanadi lambar PUK tukuna, wato lambar buɗe layi idan ya kulle, don kuskure uku wajen sa PIN yana kulle layi.

Idan kuɗi sun riga sun fita, kira bankinka nan take a rufe asusun, ka adana lambar asusun da aka tura wa da hoton rasit, ka kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC. Ƙorafi kan amfani da bayananka ba da izini ba kuwa, hukumar kare bayanai ta Najeriya, NDPC, ake kai wa, ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023.