TIN ko giridi: wanne za ka ɗora lissafin ƙasa a kai?

'Yan uwa masu aikin safiyo, in lissafin yanka da ciko za ku yi, na hanya ko na kududdufin ɗibar ƙasa, ku yi amfani da TIN. TIN da giridi hanyoyi biyu ne na siffanta tudu da kwarin fili a kwamfuta. TIN yana haɗa wuraren da kuka auna da alwatika-alwatika, kowane wuri yana riƙe da tsayinsa na ainihi. Giridi kuwa murabba'ai ne masu girma ɗaya, kowanne da tsayi guda da manhaja ta kintata. In murabba'in mita 5 ne, lambatu mai faɗin mita 1 ya ɓace ke nan.

Amma TIN ma yana yaudara. In ba a sa masa layukan da ke nuna inda gangara ta canza ba a bakin titi, gindin lambatu da saman gaɓa, alwatika za ta tsallake kwalbati ta cike ramin, adadin ƙasar ya fito ba daidai ba. A manhajar zanen injiniya ta Civil 3D ku sa layin iyaka, ku kuma ƙayyade tsawon gefen alwatika, don kada ta miƙe zuwa inda ba a auna ba.

Abin da jirgi maras matuƙi ya ɗauko DSM ne, wato tsayin saman duk abin da ke filin: rufin gida da kan bishiya duk suna ciki. Sai an tace su kafin ya zama DTM, wato ƙasa tsirara.

SRTM, giridin tsayin ƙasa da aka auno daga sararin samaniya mai murabba'an mita 30, ya isa duba inda ruwa ke gangarawa a manhajar taswira ta QGIS, amma kada a yi ƙiyasin kwangila da shi. Tsayinsa kan EGM96 yake, wato ma'aunin da ke kwatanta matakin teku, ba zai zo ɗaya da ɗanyen tsayin GPS ba.