Idan yaro ya ƙware da gyaɗa ko wani abu ya faɗa masa hanyar numfashi

Ɗan yayata yana da shekara biyu da ɗan kai lokacin, ana gidan suna aka ba shi gyaɗa soyayya a hannu yana ci yana guje-guje da yara, kawai sai ya tsaya ya hau tari kamar ransa zai fita, ido ya yi ja, hawaye sharkaf. Aka ba shi ruwa aka jijjiga shi, bayan minti kaɗan ya lafa ya koma wasa, kowa ya ce alhamdulillah ta wuce. Ashe ba ta wuce ba. Sati uku yaron nan yana tari da zazzaɓi, an sha sirof na kemis kala-kala, wani ma ya ce asma ce, sai da wani likita ya ɗora abin saurare a ƙirjinsa ya ji ɓangaren dama iska ba ta shiga sosai, ya tambayi uwar ko ya taɓa ƙwarewa, sannan ta tuna ranar sunan.

To bari mu fara da lokacin da abin ke faruwa a gabanka. Idan yana tari da ƙarfi, yana kuka, murya na fita, to iska na wucewa, ka bar shi ya yi tarinsa, kar ka ɗura masa ruwa, kar kuma ka cusa yatsa cikin bakinsa kana lalube, sau da yawa yatsan ne ke ƙara tura abin ciki. Sai in ka ga abin ƙuru-ƙuru a baki sannan ka cire.

Amma idan ya yi shiru, baki a buɗe ba kuka ba tari, leɓe ya fara canja kala, nan fa babu lokacin neman adaidaita, ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da ƴan mintuna, kamar 4 zuwa 6 ta fara lalacewa. Ka sa wani ya nemo mota, kai kuma ka fara aiki. Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, ka zauna ka kifa shi a kan hannunka ka ɗora hannun a cinya, kansa ya fi jikinsa yin ƙasa, ka tallafe haɓarsa, ka buga tsakanin allon kafaɗunsa da dunduniyar tafinka sau 5. In bai fito ba ka juyo shi rigingine, ka danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu, ƙasa kaɗan da saitin nonuwa, sau 5, ka yi ta maimaitawa. Jariri ba a matsa masa ciki, hanta na iya fashewa.

Wanda ya haura shekara ɗaya har zuwa babba, ka sunkuyar da shi gaba ka buga bayan sau 5, in shiru ka tsaya ta bayansa ka dunƙule hannu ka sa sama da cibiya kaɗan, ɗaya hannun ya rufe shi, ka fizgo ciki da sama da ƙarfi sau 5. Wannan ita ce dabarar da wani likita ɗan Amurka, Heimlich, ya fito da ita a 1974. Mai tsohon ciki ko mai ƙiba sosai a ƙirji ake matsawa. In ya suma a kwantar da shi a ƙasa a fara danna ƙirji har a isa asibiti. Kuma ko abin ya fito, wanda aka matsa wa ciki ya kamata likita ya duba shi.

Yanzu ga inda mu muka yi kuskure. Lafawar tari ba ta nufin abin ya fita, wani lokacin gangarawa ya yi ya samu wuri cikin reshen huhu ya zauna, yawanci na dama saboda ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa. Gyaɗa kuwa ta fi mugunta, tana kumbura, man jikinta na sa wurin ya yi ta ruruwa. Alamun su ne tarin da ya ƙi ji magani, numfashi mai fito ta gefe ɗaya, nimoniya, wato ciwon huhu, da ke warkewa ta dawo a wuri guda. Don Allah uwa, ki faɗa wa likita da bakinki cewa rana kaza ya ƙware da abu kaza, ko da wata biyu ne baya, wannan labarin ya fi hoto amfani, domin gyaɗa da aya da roba ba sa fitowa a hoton ƙirji, sai ƙarfe irin fil ko ƙusa. Ana iya cewa hoto lafiya lau alhali abin na nan.

Maganin kuma ba sirof ba ne, cirewa ake yi. Ana sa yaro barci a ɗakin tiyata, a zura wani bututun ƙarfe mai fitila ta baki zuwa hanyar iska, a hango abin a kamo shi da ɗan hantsaki, yawanci ba yanka. Ba kowane asibiti ke da kayan ba, sai manya irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro, don haka ku nemi takardar turawa da wuri, kuma a hanya kar a ba shi abinci ko ruwa saboda maganin barcin.

Yaro ƙasa da shekara huɗu, turamensa ba su gama iya niƙa ba, a niƙa masa gyaɗar ko a hana shi, haka aya da ƙwallon dabino da alawa mai tauri, a kula da usur ɗin kayan wasa da fasasshen balan-balan. Ƴanmata masu riƙe fil a baki suna ɗaura mayafi suna hira ana dariya, da ɗalibai masu tauna murfin biro, su ma ana kai irinsu tiyata. Na ɗan yayata rabin ƙwaya ce aka ciro, ta yi laushi ta yi baƙi, uwar ta ajiye ta a ƴar kwalba har yau.