Yadda za ka riƙe bizar karatunka a Birtaniya har ka gama

Ƙanena, barka da arziki da samun biza. Na san abin da aka sha kafin a kai ga nan, daga haɗa kuɗi zuwa zaman jiran amsa. Amma ina son ka riƙe wani abu tun kafin jirginka ya sauka a Heathrow ko Manchester: bizarka a hannun jami'arka take. Ita ta ba ka lambar CAS, wato shaidar cewa ta ɗauke ka karatu, ita ta tsaya maka a gaban hukumar shige da fice ta UKVI, kuma doka ta wajabta mata ta kai rahotonka idan ka daina karatu. Ranar da ta janye hannunta, hukuma za ta gajarta bizar, galibi zuwa kwana 60, ko da saura shekara guda a rubuce. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya samo tushe.

Fara da zuwa aji. A gida mun saba mutum ya ɓace rabin zango, ya aro littafin abokinsa, ya shiga jarrabawa ya ci. A nan ana ƙirga zuwanka. Wata jami'ar kati ake dangwalawa a ƙofar aji, wata kuma lamba malami yake bayarwa ka shigar a manhaja. Ganawa da mai duba kundin bincikenka da miƙa aiki a kan lokaci duk suna cikin lissafi. Kada ka taɓa ba wani katinka ya dangwala maka, don idan aka kama, laifin ya fi na fashin ajin girma. In ba ka da lafiya, ka sanar ranar, ka nemi takardar likita. In ajinka ya ci karo da sallar Juma'a, je ka ga malamin ko ofishin sashenku tun makon farko. Sau da yawa akwai wani rukunin da za a mayar da kai. Sannan ka riƙa buɗe imel ɗin jami'a kullum, domin gargaɗi ta nan yake zuwa, kuma "ban gani ba" ba ta cikin uzurorin da ake karɓa.

Sai maganar aiki, wadda ita ta fi jefa 'yan'uwanmu cikin matsala. Mai karatun digiri yana da damar aikin awa 20 a mako lokacin zango, wanda karatunsa bai kai matakin digiri ba kuwa awa 10. Mako a wurinsu daga Litinin ne zuwa Lahadi, kuma ba a yin ramuwa. Ba za ka yi awa 12 wannan makon ka ce za ka yi 28 a na gaba ba. In wurin aikinka biyu ne, haɗa su ake yi. Nan ne masu aikin kula da tsofaffi da na sito suke zamewa: dare biyu na awa 12 sun riga sun zama 24. Manaja zai kira ka ya ce wani bai zo ba, ka taimaka. Ka ba shi haƙuri. Albashinka yana bi ta hukumar haraji ta HMRC da lambar inshorarka ta ƙasa (National Insurance), saboda haka awannin a rubuce suke, kuma suna iya fitowa ranar da ka je neman wata bizar.

Akwai ayyukan da aka hana ka gaba ɗaya ko da na awa ɗaya ne. Ba ka da izinin yin sana'ar kanka. Kai abinci a keke da asusun Deliveroo ko Uber Eats yana cikin wannan, domin masu yin sa ba ma'aikatan kamfanin ba ne, masu zaman kansu ne. Haka kitso ko ɗinki ko aski a ɗaki ana biyanka, haka saye da sayarwa a Instagram. Wannan yana yi mana ciwo, mu da muka tashi kowa da 'yar sana'arsa, amma haka sharaɗin yake. Duk aikin da za ka karɓa, a ɗauke ka a matsayin ma'aikaci, a riƙa ba ka takardar albashi.

Lokacin hutu kana iya yin cikakken aiki, to amma wane ne hutun? Wanda jami'arka ta rubuta wa kwas ɗinka. Masu digiri na biyu su kula sosai: watannin Yuni zuwa Satumba da 'yan digirin farko suke hutawa, a yawancin jami'o'i lokacin rubuta kundi ne a gare ka, kuma zango ake ɗaukarsa. Awa 20 ɗinka na nan. Karɓo takardar ranakun zango daga ofishin ɗalibai, ka ba wanda ya ɗauke ka aiki kwafi, ka adana naka.

Kuɗin makaranta kuwa, kada ka zo da niyyar aikin awa 20 ne zai biya shi. Da ƙyar yake ɗaukar haya da abinci. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 lissafin gidaje da yawa ya rushe, kuma a 2024 an ga yadda wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside suka kasa biya a kan kari, aka rufe musu karatu, aka kai sunayensu Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya. Idan ka hango kuɗin ba zai iso ba, rubuta wa ofishin kuɗi kafin ranar biya, ka nemi a rarraba maka, kuma duk abin da aka amince a ba ka shi a rubuce. Na ga yadda kunya take sa yaranmu su yi shiru suna jiran Baba ya sayar da fili, har wasiƙa ta uku ta zo. Wannan shirun yana ba ni tsoro fiye da bashin kansa, don ma'aikacin da zai iya ɗaga maka ƙafa a watan farko, a wata na uku maganar ta riga ta wuce teburinsa. Haka kuma kada ka nemi tallafin gwamnati irin su Universal Credit, bizarka ta hana. Asibitin gwamnati na NHS dai hakkinka ne, ka riga ka biya kuɗinsa tare da biza.

Zuwa gida ma yana da ƙa'ida. Rasuwa, Allah ya kiyaye, ko bikin 'yar'uwa, ko Umara a cikin azumi, in dai ana tsakiyar zango ne, nemi izini a rubuce kafin ka sayi tikiti. Gajeriyar tafiya akan amince da ita. Amma dakatar da karatu fiye da kwana 60 yakan sa jami'a ta janye tsayawar da ta yi maka, sai ka koma gida ka sake neman biza da sabuwar CAS. 'Yar'uwa mai juna biyu ta je ta yi wannan magana da wuri, a tsara mata hutun haihuwa da bizarta a zuciya.

Bizar yanzu a intanet take, a asusunka na UKVI, tun da katunan shaidar izinin zama na BRP suka ƙare a ƙarshen 2024. Daga can kake ciro lambar da za ka ba mai ɗaukarka aiki ko mai gidan haya don su tabbatar da izininka. In ka sabunta fasfo, shigar da sabon a asusun kafin ka yi tafiya, in ba haka ba kana iya maƙalewa a filin jirgin Abuja ko Kano. In ka sauya gida ko lambar waya, sanar da jami'a.

Idan ka faɗi wani darasi, ko aka ƙara maka lokacin kundi, abu na farko shi ne ka duba ranar ƙarewar bizarka. Kwas na wata 12 ko fiye ana ƙara masa wata huɗu a ƙarshe, amma maimaici yana iya cinye su. Ƙarin biza na buƙatar sabuwar CAS, kuma dole ka shigar da buƙatar kafin tsohuwar ta ƙare. In ka yi haka, zamanka halal ne har a ba ka amsa, sai dai kada ka bar ƙasar kana jira, don fita tana soke buƙatar. Sauya kwas ma kada ka yi sai ka ji daga masu ba ɗaliban waje shawara a jami'arka. Kyauta suke aiki, su da ƙungiyar UKCISA mai kula da al'amuran ɗaliban waje, kuma sun fi ɗan zauren WhatsApp da ya ce shi ma haka ya yi ba abin da ya faru.

Bizar zama bayan kammala karatu, wadda ake kira Graduate, ana nemanta ne daga cikin Birtaniya, bizar karatunka tana da rai, bayan jami'a ta sanar da hukuma cewa ka gama. Shekara biyu ce, uku ga masu digirin digirgir, amma daga 1 ga Janairun 2027 ta masu digiri na ɗaya da na biyu za ta koma wata 18. Ka tambayi ofishin ɗalibai ranar da sakamakonku zai fito, ka gwada ta da ranar ƙarewar bizarka tun yanzu.