Kurakuran da matasan lauyoyinmu ke yi a Saudiyya wajen aikin kwangilolin makamashi da ma'adinai

Tun da Saudiyya ta ƙaddamar da shirinta na sauya tattalin arziki mai suna Vision 2030 a shekarar 2016, ayyukan wutar lantarki da haƙar ma'adinai da layin dogo sun yawaita, kuma kowane aiki sai da lauyoyi. Ƙannenmu da suka karanta Shari'a a Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura ta Makka, da waɗanda aka haifa a Jidda, suna riƙe da abin da lauyoyin Landan ke nema da kuɗi: Larabci mai kyau da fiƙihun mu'amala. Abin da ke damuna shi ne yadda ake tuntuɓe a wurare ƙalilan, kullum iri ɗaya.

Da yawa suna ɓata lokaci wajen neman lasisin tsayawa gaban alƙali, alhali 'yan ƙasa ake ba wannan lasisin. Wanda ke zaune da iƙama, hanyarsa ita ce aikin ba da shawara a ƙarƙashin ofishin lauyoyi mai lasisi, ko sashen shari'a na kamfani. A 2023 aka fara ba ofisoshin waje irin su Clifford Chance da Latham & Watkins lasisin aiki kai tsaye a ƙasar. Akwai kason guraben da aka ware wa 'yan ƙasa, don haka ɗan'uwa, sai ka zo da abin da ba kowa ke da shi ba.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗauko tsohuwar yarjejeniyar da aka rubuta bisa dokar Ingila, a canza sunaye, a miƙa. A ciki za ka tarar da sharaɗin kuɗin ruwa kan jinkirin biya, kuma kotun Saudiyya ba za ta tilasta biyan kuɗin ruwa ba. Shi ya sa ake gina kuɗin manyan ayyuka a kan istisna'i (kwangilar sa a ƙera ko a gina abu) lokacin gini, sannan ijara (haya) idan tashar ta fara aiki. Haka tarar jinkirin kammala aiki da aka yanka tun farko: dokar mu'amalolin farar hula da ta fara aiki a Disambar 2023 ta ba alƙali damar rage ta idan an wuce gona da iri. Lauyan da bai faɗa wa mai aikinsa wannan ba, ya bar shi da takarda mai alkawarin da ba lallai ya samu ba.

Ɗaliban fiƙihu kuma nasu kuskuren kishiyar wannan ne. Suna ganin wanda ya ƙware a babin ciniki da ijara ya gama. A'a. Yanzu hukuncin a rubuce yake, sashe bayan sashe, kuma da lambar sashen alƙali zai tambaye ka. Karatunka bai tafi a banza ba, domin dokar mu'amalolin farar hular ta rufe da ƙa'idojin fiƙihu 41 da ake komawa gare su inda nassinta ya yi shiru. Amma sai ka zauna ka karanta ta da Larabcinta, tare da dokar kwangilolin gwamnati ta 2019 da dokar shigar da 'yan kasuwa ayyukan gwamnati ta 2021.

Sai rashin sanin aikin kansa. Ɗauki tashar hasken rana ta Sakaka a yankin Jauf, mai megawat 300, wadda kamfanin ACWA Power ya jagoranci ginawa. A irin wannan aiki, bankunan da suka ba da rance daga kuɗin sayar da wutar suke jiran a biya su. Saboda haka yarjejeniyar sayen wuta ita ce ƙashin bayan komai. Wa zai ɗauki asara idan an gama tasha amma ba a jona ta da babban layi ba? Idan gwamnati ta sauya doka bayan sa hannu fa? Lauyan da bai taɓa zama da injiniya ba, bai taɓa buɗe lissafin kuɗin aikin ba, ba zai gane inda haɗarin yake kwance ba. Ka roƙi a saka ka cikin taron injiniyoyi ko da rubuta bayanin taro za ka yi.

A ma'adinai, kada ka rikita lasisin bincike da lasisin haƙa. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati ne, kuma dokar zuba jari a ma'adinai da ta fara aiki a Janairun 2021 ta bambanta lasisin biyu, kowanne da wa'adinsa da sharuɗɗansa.

Sharaɗin warware rikici kuwa, galibi sai dare ya yi, kowa ya gaji, ake rubuta shi. Mu da muka san Najeriya bai kamata a tuna mana ba: kwangilar gas da gwamnatin Najeriya ta ƙulla da kamfanin P&ID a 2010 ta jawo wa ƙasar hukuncin biyan dala biliyan 6.6 a 2017, kuɗin ya haura zuwa wajen biliyan 11 kafin kotun Landan ta soke shi a Oktoban 2023. A Saudiyya akwai dokar tahkimi (yanke hukunci kan rikici a wajen kotu) ta 2012, akwai cibiyar tahkimin kasuwanci a Riyad, kuma ƙasar ta shiga yarjejeniyar New York, wadda ke sa ƙasashe su zartar da hukuncin tahkimin da aka yanke a waje, tun 1994. Duk da haka hukumar gwamnati ba ta da ikon amincewa da tahkimi sai da izini daga sama. Kafin mai aikinka ya sa hannu, ka nemi ganin takardar izinin da idonka, ka rubuta garin da za a zauna da harshen da za a yi shari'ar, sannan ka fayyace wanne zai rinjaya idan rubutun Larabci da na Turanci suka saɓa.